Toka a Kan Matakala

A'a, Fasto, dakata. Sake faɗa in ji. "Ƙawarki ta shekara da shekaru." To, na ji. Wa ya gaya maka ni na tona wa Verna asiri a gaban jama'a? Matan ƙungiyar addu'a ko? Ba sai ka faɗi suna ba, na san bakin kowacce. Kai bara ka zo garin nan, ba a gabanka aka yi ba, an ba ka rabin labari ka kwaso shi har kicin ɗina da takalmi duk laka. Zauna. Ga kofi, ga burodin masara, na jiya ne amma bai taɓa kashe kowa ba. Ni ban yi makaranta ba, sunana ma zana shi nake yi kamar mai zanen agwagwa, amma abin da ya wuce ta gaban idona ba ya ɓace min. Bari in ba ka shi daga tushe, in na gama sai ka yi wa'azinka.

Ka dai san tattakin da ake yi kowace Janairu a kwazazzabon gandun dajin nan. Mutanen birni su ciko motoci, su bi ƙasan kwazazzabo suna ɗaga kai suna kallon ƙanƙara kamar ba su da ita a firij. Mu kuma matan coci muna tsakiyar hanya, a rumfar da ke kusa da Mafaɗa, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, muna raba romon wake daga manyan tukwane. Ni da Verna Tackett tun muna amare muke kan tukunya ɗaya. Ita ke sa gishiri, ni ke kula da wuta. Mijinta Royce kuma aikinsa kowace shekara shi ne ya hau sama da sassafe, ta tsohuwar matakalar dutsen nan da ake rufewa da sarƙa lokacin sanyi, ya kakkaɓo ƙanƙarar da ke rataye a bakin dutse da doguwar sanda, don kar ta faɗo wa baƙi a ka.

Asabar ɗin nan ba ƙanƙara ce ta faɗo ba. Royce ne.

Wasu mata biyu daga birnin Columbus ne suka ci karo da shi a gindin Mafaɗa, a rigingine kan ruwan da ya daskare. Da muka jiyo ihunsu na ɗauka santsi ne ya kwashe wata, don da safen nan ma Maxine, ta ukunmu a kan tukwane, ta sha ƙasa a hanyar bayan gida tana ta zagin kowa. Kafin rana ta yi tsaka an tsayar da tattakin. Wake ya kama a tukunya, ba wanda ya kula.

Kessler ya zo, ɗan sandan yankinmu. Yaron kirki ne, na san shi tun yana fitsarin kwance. Da farko kowa cewa yake tsautsayi ne, shi ma haka ya ce. Sai ya hau sama ya duba, ya sauko fuskarsa ta canza. Wai sandar Royce na jingine da bishiya tsaf, safar hannunsa ɗaya na ajiye a kan dutse, kuma ƙusoshin takalminsa sun karci bakin dutsen da baya-baya. Ka san mazan nan kowa ɗaura ƙusoshi yake a tafin takalmi in sanyi ya shigo. Mutumin da santsi ya kwashe yana cikin aiki, da sandarsa yake tafiya, ba ya tsayawa ya jingine ta.

Ya tsaya a bakin rumfa da hula a hannu. "Iyayena, akwai wadda ta ga wani ya bi ta matakala?"

Verna na zaune a benci, na lulluɓa mata bargo, kanta na ƙirjina. Ta ce, "Ni da Twila ba mu motsa daga wurin wuta ba."

Na ce haka ne.

Sai ta ɗago kai daga ƙirjina, ta share hanci, ta ce, "Amma na hango wata hula tana hawa. Koriya, mai ratsin rawaya."

Hula irin wannan ɗaya ce a duk kwarin nan, Fasto. Ni na saƙa ta. Tana kan ɗana Lonnie.

* * *

Ba zan ce maka Lonnie mala'ika ba ne. Ya haura hamsin, ya sha giyarsa ya ƙoshi, matarsa ta tafi da yaran da talabijin. Ya daina sha da daɗewa, amma garin nan ba ya daina tunawa. Kuma da kakar shekarar Royce ya harbe masa karensa, wai yana kore masa barewa. Lonnie ya tare shi a gidan mai, a gaban kowa, ya ce, "Wata rana sai na jefa ka a kwazazzabon nan." Ka ji baki. Ranar tattakin kuma shi ke kawo mana itace a a-kori-kurarsa, yana zuwa yana komawa, ba mai iya cewa ga inda yake.

Kessler ya tafi da shi kafin faɗuwar rana. Washegari Lahadi na shiga coci, bencin da muke matsuwa a kai kullum ya yi min faɗi, ni kaɗai. Wata ta dawo min da kwanon da ta ara tun bikin 'yarta, ta ajiye a ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba.

Amma Kessler bai gamsu ba, da kansa ya kira Odell Sizemore. Odell tsohon mai gadin gandun ne, ya yi ritaya, amma in baƙo ya ɓata a daji ko barewa ta gudu da harsashi, shi ake nema. Bin sawu ne aikinsa tun yana saurayi. Ya nemi aurena kafin uban Lonnie, na ƙi shi saboda kunnuwansa. Har yau bai huce ba, kunnuwan ma ba su ragu ba.

Na same shi a gareji yana tauna cingam, tun da likita ya hana shi taba.

"Na san abin da ya kawo ki, tsohuwa."

"Ka girme ni, ka riƙe bakinka."

"In sawu ya kai ni ƙofarki, Twila, ba zan juya ba."

"Wa ya ce ka juya? Ka dai tafi da ni. Kai ƙasa kawai kake ganewa, mutane kuwa ba ka taɓa gane su ba, shi ya sa har yau kai kake wanke kwanonka."

Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce in tuɓe su. Ya ɗaura musu ƙusoshi.

* * *

Muka fara da Lonnie, a ɗakin da Kessler ya kulle shi. Bai yi aski ba, idonsa ja.

Odell ya ce, "Ka hau sama ranar Asabar?"

"Ban hau ba."

"Kessler ya ga sawunka a can, ta ɓangaren titin sama. Takalminka na hagu ba ƙusa a dunduniya, ko makaho ya lalubo shi ya gane."

Lonnie ya kalli bango.

Na ce, "Lonnie, buɗe baki ko in buɗe maka."

"Mama, na ce ban taɓa shi ba. Da zan kashe Royce, da tun ranar karen na yi."

"Madalla da lauya," in ji Odell. "Ka faɗi haka a gaban alƙali ka hutar da kowa. Me ya kai ka sama?"

"Ba ruwan kowa."

Iyakar abin da muka samu ke nan. Muka fito.

Daga nan sai gidan Maxine. Mun same ta kwance rub da ciki a kan doguwar kujera, bakin kuwa lafiyarsa ƙalau.

"Ku shigo ku ga abin da coci ta yi min! Shekara nawa muna wannan aiki, a ce hanyar bayan gida ba wadda ta watsa mata ko toka? Odell, zo ka duba wurin, ya yi baƙi ƙirin."

"Ba zan duba ba, Maxine."

"Matsoraci. Twila, ni ban ce Lonnie ba ne, ban kuma ce ba shi ba ne. Amma ku nemi wani siririn baƙo mai gemu da ƙatuwar kyamara. Ina kwance a ƙasa ina neman mai ɗaga ni na gan shi yana sunkuyawa ta ƙarƙashin sarƙa."

Raina ya ɗan yi sanyi. Baƙo! Ka san daɗin da ake ji in laifi na baƙo ne.

Muka same shi a masaukin baƙi, don Kessler ya hana waɗanda ke kusa da wurin tafiya. Yana ganin Odell ya fara zuba kamar famfo. E, ya tsallake sarƙar, hoton Mafaɗa yake so daga sama. A'a, bai kai ko'ina ba, ya ɗan hau kaɗan ya leƙa ƙasa, ƙafafunsa suka ce ba da su ba, ya sauko da mazaunai kamar jariri.

Na ce, "Kai ɗan nan, ko kaza ka taɓa turawa?"

Ya ce shi nama ma ba ya ci.

Odell ya ce, "Ka ga wani?"

"Ban ga kowa ba. Ko hoton kirki ban samu ba, matakalar duk datti ce. Wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a cikin ƙanƙarar, sun ɓata komai."

Odell ya daina tauna cingam. Da muka shiga mota ya ce gobe da safe in sa kaya masu kauri.

Da yamman nan na kai wa Verna abinci. Ta kama hannuna ta riƙe gam. "Da na sani da na haɗiye harshena, Twila. Amma Kessler ne ya tambaya."

Na ce, "Abin da kika gani kika faɗa, 'yar'uwa."

Na wanke mata kwanuka. Na zaɓi kwat ɗin da za a binne Royce da shi. Na goge mata baƙar rigar da za ta sa. Ɗana na kulle, ni ina riƙe da dutsen guga a kicin ɗinta ina ba ta haƙuri. Ka riƙe wannan a ranka.

* * *

Odell ya zagaya da mu ta titin sama. Sanyi kamar ya tsaga haƙora. Ya sami sawun Lonnie a cikin dusar ƙanƙara, ya durƙusa, ya daɗe.

"Zo ki gani. Kin ga gashin ƙanƙarar nan fari da ya tsiro a cikin sawun? Wannan sai sawu ya kwana a buɗe cikin tsananin sanyi, ba iska. Daren Juma'a ne kaɗai aka yi irin sa. Kafin Asabar ya zo nan."

Muka bi sawun. Bai nufi bakin dutse ba sam. Ya karkata zuwa gindin wata bishiya, inda aka tara 'yan duwatsu, an rataye abin wuyan kare a reshe. A nan Lonnie ya binne karen, cikin gandun gwamnati inda aka hana. Ƙaton mutum mai furfura, gara a ɗaure shi da ya ce yana zuwa hira da kabarin kare.

Na ce, "To, a sake shi."

"Wannan ya nuna ya zo Juma'a. Bai nuna bai dawo Asabar ta matakala ba. Taho."

Ya ɗaura min igiya a ƙugu kamar akuya, muka nufi kan matakalar. Iska ta share ta tas, ƙanƙara ce zalla, ba sawu ko ɗaya. Odell ya kwanta da ciki, ya zaro wuƙa ya tono wani baƙin ɗigo, ya murtsuke a yatsa, ya miƙo min a hanci.

Toka ce, da ɓurɓushin gawayi.

Ka ga mu tsofaffin matan kwarin nan, tun kafin a san zuba gishiri a hanya, toka muke watsa wa ƙanƙara. Uwata haka, kakata haka. Ba za ka taɓa ganin ɗayarmu ta ɗora ƙafa a kan santsi ba tare da ta watsa ba, hannun ne ke yi, ba sai ya nemi izinin kai ba.

"Toka mai sanyi a sama take zama, iska ta kwashe," in ji Odell. "Wannan ta nutse ciki ta daskare. Da zafinta aka watsa. Wuta nawa ce a kwazazzabon nan Asabar da safe?"

"Ɗaya. Tamu."

"Lonnie ma yana wurin wutar."

"Lonnie da toka? Shi da yake mana dariya wai muna shafa wa hanya hoda? Mai ƙusa a takalmi me zai yi da toka?"

"Alƙali ba zai karɓi wannan ba, Twila."

Ya ci gaba da sauka yana jana, har inda matakalar ta yi ɗan faɗi, wurin da ake tsayawa a huta. Sai ya tsaya cak. A jikin bango, a kan ƙanƙarar, ga wasu 'yan ramuka uku, kamar an dangwala yatsu uku a ƙullu. Ya bar ni a nan ya sauka shi kaɗai, ya dawo yana haki.

"Kowane wurin hutawa akwai su. Wani abu ne mai zafi, mai ƙafa uku. Mai shi ya hau yana ajiyewa yana hutawa. Ba mai ƙarfi ba ne, kuma gwiwa na damunsa." Ya dube ni. "Me ya same ki?"

Zama na yi a kan ƙanƙarar, ban san na zauna ba.

Ina da wata 'yar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, ta kakata. A ciki nake ɗauko garwashi daga gida kowace shekara in hura wutar rumfa. Da safen nan, kafin baƙi su fara isowa, Verna ta ce min, "Twila, zuba min toka mai zafi a 'yar tukunyarki in watsa a hanyar bayan gida, kar tsofaffi su faɗi." Na zuba mata da shebur. Har na ba ta tsumma na ce ta riƙe da shi kar ta ƙone. Ta naɗe burodi a ciki ta sa a aljihu, na ɗauka yunwa ce. Ta daɗe ba ta dawo ba, na ɗauka ciki ne, don tun asuba take ɗanɗana wake. Ta dawo ta ajiye min tukunya ba komai ciki, ta ɗauki muciya ta ci gaba da juyi. Wa ke lissafa zuwa bayan gida a cikin "motsawa"? Shi ya sa da ta ce ba mu motsa ba, na ce haka ne.

"Twila. Wa ya ɗauka?"

Na ce, "Ka bari sai an binne shi. Ka tambaya a gabanta, kar ka kira suna. Za ta tashi da kanta. Na san ta."

Odell ya tofar da cingam ɗinsa. "Kin ce ni ne ban gane mutane ba."

* * *

Bayan an dawo daga maƙabarta aka taru a ɗakin ƙasa na coci, kowa da kwanonsa kamar yadda aka saba. Kessler ya zo da Lonnie, ya yafa masa kwat a hannu don a ɓoye ankwa, kamar akwai wanda bai sani ba. Mai kyamara na rakuɓe a lungu yana cin ganye. Maxine a tsaye, don har lokacin ba ta iya zama. Verna na kan babbar kujera cikin baƙar rigar da na goge, mata sun kewaye ta.

Sai ga Odell da ƙatuwar kula yana nishi. Wata ta ce, "Ikon Allah, Odell ya kawo abinci!" Ya ɗora a tebur ya buɗe. Ƙanƙara ce, falle guda, ya yanko ta da zarton inji daga matakala, da ramukanta uku. Ya miƙo min hannu, na ciro 'yar tukunyar daga jakata. Ya ɗora ta a kai. Ƙafafun suka shige kamar don su aka yi ramukan.



Ya ce, "Sawun Lonnie da ke sama na Juma'a ne. Baƙon can bai kai ko rabi ba. Wanda ya hau wurin Royce ranar Asabar, wannan ce a hannunsa, cike da toka mai zafi, yana watsawa yana hawa. Kuma wanda Royce bai ji tsoro ba ne, tunda ya jingine sanda ya cire safar hannu. Ƙasa ba ta faɗin suna. Amma mai shi na ɗakin nan, kuma zai fi kyau ya faɗa da bakinsa."

Bai kalli kowa ba. Ni kuwa Verna nake kallo. Ina cewa a raina, tashi, 'yar'uwa, tashi kawai, ni zan raka ki. Har na matsa kusa don in kama ta in ta yi jiri.

Ta ajiye cokalinta a hankali. Ta ce, "Ai tukunyar gidan Twila ce. Lonnie ya san inda take ajiye ta."

Ko muryarta ba ta yi rawa ba, Fasto. Karo na biyu ke nan. Na farko sai in ce firgita ce, mijinta na kwance a ƙasa, ɗan sanda a tsaye a kanta. Wannan kuwa ta kwana ta tashi, ta kwana ta tashi, ta ci abincina, ta ga ankwa a hannun yaron da ita ta fara yi wa wanka ranar da na haife shi.

Na ce, "Verna, wa ya ce in zuba masa toka da safen nan?"

"Ni ce. Na watsa a hanyar bayan gida, na dawo miki da ita. Abin da ya faru bayan nan ban sani ba."

"Ƙarya!" Maxine ce daga bayanmu. "Ƙarya kike, Verna, Allah ya ji ƙan mijinki amma ƙarya kike! Da akwai ƙwayar toka ɗaya a hanyar nan, da yanzu a zaune nake kamar kowa!"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya haɗiye ta da sauri.

Na ce, "Tukunyar kuma a ƙarƙashin zanina take tun da kika dawo da ita, ina ɗumama ƙafa. Ba wanda ya ƙara taɓa ta."

Verna ta kalli hannayenta. Can ta ce, "Na ɗauka iska za ta kwashe tokar."

Ka ji fa. Za ki je kashe mutum amma kina tsoron karya ƙugu a hanya.

Sauran ta faɗa wa Kessler ne, a hankali, kamar mai ba da labarin wata. Daren Juma'a Royce ya kulle ta a waje da rigar barci, cikin sanyin nan da ya tsirar da gashi a sawun Lonnie, wai miya ta yi gishiri. Da safe ta kai masa burodi har sama. Ya jingine sanda, ya cire safa, ya gutsura, ya ce ya huce, ko wannan ba ta iya ba. Bayansa na bakin dutse. Hannu biyu ta sa.

Kessler ya cire wa Lonnie ankwa a nan take. Ba wanda ya iya kallonsa. Wadda ta dawo min da kwano ta zo tana son rungume ni, na ce ta kula da rigata.

* * *

To, ka ji. Yanzu ka ce me? Verna ta aiko ka ne daga inda take tsare, tana son ganina. Na sani, kai ne na uku da ta aiko.

Royce dukanta yake yi? Yo Fasto, ni za ka gaya wa? Wa kake tsammani ke yage zanin gado ya ɗaure mata haƙarƙari? Ɗakin nan da ke bayanka, a nan take kwana in ya haukace, har makullin ƙofata na baya tana da shi. Na sha ce mata ta tattaro kayanta ta dawo nan, ta ce me mutane za su ce. Ba wanda ya san Royce Tackett kamar ni, in ka cire ita. Ranar da aka binne shi ban zubar da hawaye ko ɗaya ba, kuma ban ji kunya ba.

Kai duk ka ɗauka kisan ne na kasa yafewa. Saurara da kyau, don ba zan maimaita ba, kuma kar ka kai shi kan mimbari.

Da Verna ta sauko da safen nan ta raɗa min a kunne, "Twila, na tura Royce," da muciya zan miƙa mata in ce juya, tun asuba kina nan. Da na tsaya gaban Kessler, gaban alƙali, gaban duk wanda suka kawo, na rantse ba ta ɗaga ƙafa ba. Da na hau matakalar nan da gwiwoyina na kankare tokar da farce. Da yau tana zaune a kujerar da kake kai, ni da ita muna tsince wake, kai kuma ka zo kana yi mana wa'azi a kan wani abu dabam.

Ƙarya take bukata, kuma ina da ita, da na ba ta kyauta. Ba ta roƙe ni ƙarya ba, Fasto. Ɗana ta ɗauka.